Jinin Kaka Ladi

Madalla, Janairu

Ƙanena Emmanuel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kai da matarmu Katrin kuna lafiya, sanyin Jamus bai cinye muku yatsu ba. Mu nan da sauƙi. Matata Esther na gaishe ka, yara sun koma makaranta, ni kuma ƙugu ne ke yi mini tsiya saboda ɗaga taya. Ƙanwata Naomi ce dai ba ta jin daɗi, zan zo kanta.

Saƙonka ya shigo ina tsakiyar ciniki da wani direban tirela. Da na ga sunan sai da na tambayi Esther ko muna da wani Emmanuel a dangi. Ta ce, "Wanda ya ci tuwo a gidan nan shekarar da yake neman biza mana." Na ce to, ashe a Jamus ma ana tuna mutane. Ba komai. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito a Zonkwa, 'ya'yan Kaka Ladi, don haka ko shekara nawa ka yi shiru, in ka yi sallama dole a amsa. A takarda nake rubutawa in ɗauki hoto in tura maka, yatsuna sun fi ƙarfin waya.

Ka ce kamfaninku na wutar sola zai turo ka Abuja a matsayin ma'aikacin ƙasar waje, da fasfo ɗin Jamus. Madalla. Ka tafi ɗan Zonkwa, za ka dawo baƙo. Kana tambaya ko akwai asibitin kirki, kuma ko inshorar da suka yi muku za ta yi aiki a nan.

Za ta yi aiki, kwantar da hankalinka. Akwai asibitoci a Abuja da in ka nuna irin wannan kati, mai gadi ma sai ya sara maka. Ƙasa na sheƙi, nas na murmushi, janareta ba ya tari. Sabuwar taya ke nan a leda. Mu nan tokumbo muke hawa. Akwai Dakta Wale a kan hanyar Chaza a Suleja, hannunsa na da kyau, amma safar hannu da allura da auduga kai za ka sayo, kuma in wuta ta ɗauke matarka ce za ta haska masa da waya. Inshorar gwamnati ta ma'aikata ce. Maƙwabcina malamin makaranta yana da ita, kullum farasitamol yake dawowa da shi.

Sai dai abu ɗaya da ka ambata a ƙarshe, kamar ba komai ba, shi ne babba. Ka ce kai da Katrin duk jininku O nagetif ne, kuma likitanku ya ce yana wuyar samu a nan. Likitan bai yi ƙarya ba. A ƙasar nan ba a ajiye jini ana jiran mara lafiya. Kai za ka zo da mutanenka su miƙa hannu, sannan a taɓa ka. In jininka na kowa da kowa ne, ko ɗan acaɓa ka tare an gama. In irin naka ne, sai ka san gidan da za ka buga wa ƙofa.

Ka yi sa'a. Wannan jini gadonmu ne, a gida jinin Kaka Ladi muke ce masa. A Madalla mu uku ne: ni, da Naomi, da Joshuwa ɗan marigayi yayanmu, mai walda a bakin titi. Mun gane haka ne lokacin haihuwar Naomi ta ƙarshe, da muka zaga Suleja kamar masu neman ɓataccen akuya.

Ita Naomin ƙari ne a mahaifa. Jini na zuba mata fiye da ƙima, ta yi fari kamar an wanke ta. Dakta Wale ya ce ƙarshenta sai tiyata. Tana ta ja, wai sai ta aurar da 'yarta Blessing. Da ta ji za ka dawo har da rawa.

Ku iso lafiya.

Yayanka,
Filibus mai taya

*

Abuja, Afrilu

Yaya Filibus,

Ina gaisuwa, da fatan kai da Anti Esther da yara kuna lafiya. Yaya jikin Anti Naomi? Ka yi haƙuri da Hausata, ta yi tsatsa.

Ban san da wane baki zan gode maka ba. Ina taro a Jamus aka kira ni cewa Katrin ta faɗi a gidanmu na Abuja, ciki ne a wajen mahaifa ya fashe. Inshora ta yi komai cikin sauri, motar asibiti, likitoci, har jirgin da zai kwashe ta ya shirya. Amma suka ce jirgi ba zai ɗauke ta ba sai jininta ya tsaya, asibitin kuma leda ɗaya kawai suke da ita ta jini irin namu. A filin jirgi na tuna wasiƙarka, na kira ka. Kafin in sauka Abuja kai da Joshuwa kun gama komai. Likita ya ce ba don ku ba da yanzu wani zance ake. Har jirgin ma ba a buƙace shi ba.

Katrin tana samun sauƙi, tana cewa a gaishe da "'yan'uwanta na jini". Na so in zo Madalla da kaina, amma sashen tsaro na kamfani bai yarda mu bi wannan hanya ba tare da rakiya ba, kuma neman rakiya dogon aiki ne. Ka san yadda Turawa suke da doka. Da zarar abubuwa sun lafa za ka gan ni.

Duk abin da kake buƙata, ka faɗa kawai.

Ƙanenka,
Emmanuel

*

Madalla, Mayu

Ƙanena Ima,

Muna gaisuwa. Mun gode wa Allah da jikin matarmu. Esther lafiya, Joshuwa lafiya, ni ma jirin da nake ji ya tafi.

Godiyarka ta iso, mun raba ta kowa ya samu. Hanyar da ka ce sai da rakiya kuwa, ita ce dai wadda muka bi a ranar, mu uku a bayan motar haya, da wata mata da kajinta. Ba wanda ya sace mu. Wataƙila sun duba sun ga ba riba.

Asibitinku na da kyau, ban taɓa ganin wurin ciwo mai ƙamshi haka ba. Ta ƙofar baya aka shigar da mu, wajen da ake sauke tukwanen gas. Ban ji haushi ba, ni ma kaya ta baya nake saukewa. Nas ɗin ta sa safar hannu biyu kafin ta taɓa Joshuwa. Da aka gama aka ba mu lemon malta da madarar gwangwani. Joshuwa ya ce, "Baba, a tambaye su ko suna son ƙari, madarar nan ta waje ce."

Naomi ta bi mu, ka sani? Na hana ta, ta ce matar ƙanenta ce a kwance. Da asuba ta tashi ta dafa paten acca ta zuba a kula, wai mai jinya ba ta rasa abin ɗumi. Da aka duba idonta nas ta yi dariya ta ce, "Mama, ke da za a ƙara miki." Paten kuma mai gadi ya ce ba a shiga da abincin waje. A cinyarta ya dawo Madalla, mu muka cinye.

To, jikin nata ya ƙi. Makon jiya ta zube a coci ana tsakiyar waƙar zumuntar mata. Dakta Wale ya ce zancen jiran bikin Blessing ya ƙare, tiyata za a yi, kuma ba zai sa wuƙa ba sai ya ga leda biyu a firij. Ni da Joshuwa muka nannaɗe hannun riga. Mai gwaji ya ga tabon allura ya ce yaushe muka bayar, muka faɗa. Ya ce mu koma sai bayan wata uku. Na yi masa bakin kasuwa, na ce ni ƙarfe ne. Ya ɗiga jinina a na'ura ya ce, "Oga, ƙarfen ya yi tsatsa." Na Joshuwa ma bai kai ba.

Ka ga yadda abin ya zama. Shagon Kaka Ladi na Madalla an kwashe kaya, an kai Abuja. Ni kuwa a sana'ata, in kaya suka ƙare mini, na san ɗan'uwan da nasa ke cike, kuma ba na son sai na buɗe baki ya gane. Ka ce duk abin da nake buƙata in faɗa. Mai ilimi irinka ba a yi masa dogon bayani.

Naomi ta sa an share ɗakin baƙi.

Yayanka,
Filibus

*

Abuja, Mayu

Yaya Filibus,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Katrin na ci gaba da warkewa, sai dai ba ta barci sosai.

Na karanta wasiƙarka a mota tsakanin taro biyu. Na gane. Gaskiya ya kamata in yi tunanin wannan tun farko, ba sai ka tuna mini ba. Na tura wani abu asusunka, ina ganin zai isa kuɗin tiyatar Anti Naomi da jinin da za a saya, da ɗan abin da kai da Joshuwa za ku gyara jiki. Ban ɗauki abin da kuka yi a matsayin ciniki ba, amma tunda ka kawo zancen shago da kaya, gara kowa ya san an sallame shi.

Maganar ƙofar baya da abincin Anti ta dame ni. Doka ce ta asibitin, ba raini ba ne. Ko ni sai na nuna kati.

Ka gaishe ta, Allah ya sa a yi a sa'a.

Emmanuel

*

Madalla, Mayu

Emmanuel,

Gaisuwa. Muna nan. Naomi na kwance a wurin Dakta Wale, ruwa ake ƙara mata.

Kuɗinka sun shigo. Laifina ne, na manta ka daɗe a inda ba a zagaye. Shekara da shekaru ina ciniki, ban taɓa yi wa mutum tayin abu ya biya ni kuɗin wani abu daban ba sai a kanka. An sallame ni, ka ce. To na gode, oga.

Yanzu ga shi a miƙe, yadda Bature zai gane. Ba kuɗi nake nema ba. Hannunka nake nema. Jininka irin na Naomi ne, kuma kai kaɗai ne a cikinmu ba a taɓa ba. Da jini na sayuwa kamar taya, da inshorarka ta saya wa Katrin ba sai ka kira ni daga filin jirgi kana kuka ba. Na je Gwagwalada, na je Minna, na bar lambata a ɗakunan gwaji har na manta adadinsu. Na tsaya a coci na yi sanarwa, Alhassan mai tumatir ya yi mini a masallacinsu. Mutane sun zo, Allah ya saka musu, aka gwada, babu irin namu. 'Yan bakin ƙofar asibiti masu sayar da nasu, duk wanda ka tambaya O nagetif ne shi, har sai an gwada.

Dakta Wale ya ce in ya samu leda ɗaya daga gare ka, zai nemi ta biyu ta hanyar wani abokinsa. Ba a daɗewa, kafin lemonka ya yi ɗumi an gama. Allurar sabuwa ce, ni zan sayo, ka buɗe ledar da hannunka. In rakiya ce matsala, Joshuwa zai zo da 'yan walda su raka ka, sun fi sojoji ban tsoro.

Naomi na tambaya ko kana cin yaji har yanzu.

Ka zo.

Filibus

*

Hambug, Agusta

Yaya Filibus,

Ina gaisuwa da fatan kowa lafiya, kai da Anti Esther da yara da Joshuwa. Ina fata Anti Naomi ta warware ta koma kasuwa. Mu muna Jamus, Katrin ta murmure sosai, har ta fara hawa keke.

Na san na yi shiru, kuma na ga kiranka. Ka bar ni in yi bayani. Da wasiƙarka ta zo na kai maganar wurin likitar kamfani. Ta ce ba ta ba ni shawarar a sa mini allura a asibitin da ba ya cikin jerin na inshora, kuma in wani abu ya biyo baya, kamfanin inshora na iya cewa ni na jawo, su janye. Ka san Katrin na kan wannan kati, ba zan yi wasa da shi ba a halin da take. Na tambayi asibitinmu na Abuja ko zan bayar a can a kai Suleja. Suka ce jinin da aka ɗiba a wurinsu na marasa lafiyarsu ne, fitar da shi sai da takardu. Ana cikin haka inshora ta amince a kawo Katrin gida ta huta, an riga an yanki tikiti. Na rasa yadda zan faɗa maka. Na ce a raina, Yaya Filibus ya san kowa a Suleja, ba abin da ke gagararsa, ga kuɗi kuma a hannu. Da ban ƙara jin kira ba na ɗauka an dace.

Za mu dawo wata mai zuwa. Akwai wata alfarma. Bayan abin da ya faru, kamfanin inshora ya ce ba zai sabunta mana ba sai mun nuna akwai masu irin jininmu kusa da Abuja da za a iya kira kowane lokaci. Suna son sunaye da lambobin waya, aƙalla mutum uku. Na ce musu wannan mai sauƙi ne, ina da dangi. Ka turo mini naka da na Joshuwa da na Anti Naomi, in ta yi ƙarfi. Za a riƙa ba ku ɗan alheri duk lokacin da aka kira, kuma na yi magana, ta ƙofar gaba za ku shiga.

Na sayo wa Anti Naomi jaka.

Ƙanenka,
Emmanuel

*

Madalla, Satumba

Malam Emmanuel,

Gaisuwa. Mun ji daɗi da matarka ta hau keke. Esther lafiya, yara lafiya, Joshuwa lafiya. Damina ta yi kyau, masara ta yi araha.

Mun binne Naomi a watan Yuni.

Ka ce da ba ka ƙara jin kira ba ka ɗauka an dace. Haka ne, mutum yakan daina kira in an dace. Yakan kuma daina in ba sauran abin da za a kira a kai.

Tunda kana son bayani a miƙe, ga shi. Abokin Dakta Wale ya samo leda ɗaya daga Kaduna. Muka jira ta biyu. Dakta ya ce a yi da ɗaya a gwada sa'a, Naomi ta ƙi. Ta ce, "Ku ɗan ƙara haƙuri, Ima zai zo. Yaron da na wanke wa kaya zai ƙi ni?" Kullum da rana sai ta sa Blessing ta leƙa titi ko an ga babbar mota. Har ranar da jinin ya ɓalle gaba ɗaya, ba sauran zaɓi, aka shiga da ita da leda ɗayan. Na kwanta a benci na ce wa mai gwaji ya ɗiba ko zan mutu, wannan karon bai yi gardama ba. Kafin ledar ta cika Dakta Wale ya fito ya cire hularsa. Wuta ba ta ɗauke ba, hannunsa bai yi kuskure ba. Ina faɗa maka ne don kada ka je ka ce wa Turawa asibitin Afirka ne ya kashe ta.

Kuɗinka sun yi amfani. Akwati mai kyau, mai hannun ƙarfe. Zumuntar mata sun yi anko, sun yi mata waƙa tun daga coci har maƙabarta. Fasto ya tambaya ko akwai ɗan'uwa daga nesa da zai yi magana, na ce yana kan hanya, rakiya yake jira.

Ban ce likitarku ta yi ƙarya ba. Na san sharaɗi, ni ma ina gaya wa mai saye in ya hau ƙusa ba ruwana. Ka auna katinka da Naomi, ka ga wanda ya fi nauyi, ka ɗauka. Ciniki ne, kowa na yi. Abin da ban gane ba shi ne, ranar da ka kira ni daga filin jirgi, me ya sa ban ce maka bari in tambayi wani ba? Ni da ake ce wa wayo. Direbobin tirela ba su taɓa cutata ba, sai ga ɗan gidanmu ya kwashe kaya ya bar mini madarar gwangwani.

Na karanta wa Joshuwa wasiƙarka a bakin aikinsa. Da na kai wurin ƙofar gaba ya sauke gilashin walda ya ci gaba da aiki. Blessing ta ce jakar ka ba Katrin. An ɗaga bikinta zuwa baɗi. Ita ma mun gwada ta lokacin jinyar, jinin Kaka Ladi ne, sai dai nata bai kai a ɗiba ba, kuma wata rana za ta haihu. Saboda haka abin da ya rage a jikina da na Joshuwa yana da mai shi, mun ajiye.

Ka gaishe da matarka da kyau. Ita ba ta yi mana komai ba, kuma ba na baƙin cikin abin da ke yawo a jikinta. In ta taɓa tambaya su wane ne suka zo ranar, ka ce mata mu uku ne, ɗaya ta koma gida da kula a cinya.

Masu inshorarka kuwa, ka ce musu ka yi kuskuren lissafi. Dā mu uku ne a Madalla. Yanzu biyu ne, kuma biyun ba sa ɗaukar waya.

Filibus mai taya,
bakin titin Abuja, Madalla